Intabiyu mai hawa-hawa: abin da ya kamata ku sani kafin a kira ku

Manyan kamfanoni irin su KPMG, PwC, MTN da bankunan Najeriya ba sa ɗaukar sabon ma'aikaci a zama ɗaya. Daga ranar da ka cike fom a intanet zuwa ranar da takardar kama aiki za ta iso, ana iya shafe watanni. A kowane mataki tambaya daban ake yi, kuma mutane da yawa suna faɗuwa ne don sun shirya wa mataki ɗaya, alhali akwai huɗu ko biyar a gabansu.

Matakin farko yawanci jarrabawar kwamfuta ce: lissafi, fahimtar rubutu da nazarin siffofi, irin wadda SHL ko Dragnet ke shiryawa. Tambayoyin ba su kai na jami'a wuya ba, lokaci ne ke kayar da mutane. Ka samo tsoffin tambayoyi, ka ajiye agogo a gabanka, ka saba da tsallake wadda ta gagare ka. Idan daga gida za ka yi, ka cika cajin kwamfuta, ka tanadi data a layi biyu.

Sai tantance takardu, inda ake rasa mutanen kirki a banza. WAEC ta rubuta Mohammed, shaidar digiri ta ce Muhammad, a NIN kuma an sa sunan uba a gaba, ko ranar haihuwa ta saɓa. Tun da yawancin shirye-shiryen ɗaukar sabbin masu digiri suna da iyakar shekaru, ana duba wannan da idon basira. Ka jera takardunka a tabarma tun yau, har da ta kammala bautar ƙasa, ka karanta su harafi-harafi. In akwai saɓani, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa kafin a neme ka.

A mataki na gaba wasu kamfanoni kan tara masu neman aiki rukuni-rukuni, a ba su matsala su tattauna, masu tantancewa na gefe suna rubutu. Mai babakere da magana da wanda ya yi gum duk suna asarar maki. Ka saurara, ka ɗora a kan batun wani, ka jawo wanda bai ce komai ba, ka lura da lokaci.

Ganawa da kwamiti ita ta fi buƙatar shiri, kuma a nan tarbiyyarmu take iya cutar da mu. An raine mu a kan kunya da kawaici, an koya mana cewa yabon kai jahilci ne. Don haka idan aka ce wa matashi ya ba da labarin wata matsala da ya warware, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Mun yi ƙoƙari, Allah ya taimaka." Gaskiya ya faɗa, amma kwamitin bai samu abin ba shi maki ba. Faɗin abin da ka aikata ba alfahari ba ne, shaida ce aka nema. Ka tanadi labarai shida ko bakwai daga rayuwarka, ka gina kowanne bisa tsarin da ake kira STAR: halin da aka shiga, abin da ya rataya a wuyanka, matakin da kai ka ɗauka, da sakamakon da aka samu. Ba sai ka taɓa aikin ofis ba. Ajin da ka koyar lokacin bautar ƙasa ya isa, haka ma littafin bashin shagon babanka da ka gyara har kuɗi suka dawo. Ka haɗa da labarin wata gazawa da abin da ka sauya bayanta, domin ana yawan tambayarsa. A Amazon, misali, mutum kan gana da masu tantancewa da dama bi da bi, suna auna shi da ƙa'idojin shugabanci 16 na kamfanin, daga baya su haɗu su kwatanta abin da kowa ya ji. Labarin ƙirƙira ba ya jure irin wannan. Shi ya sa bayan kowane zama yana da kyau ka rubuta tambayoyin da aka yi maka da amsoshin da ka bayar.

Zama na ƙarshe da babban jami'i gajere ne. Ka karanta rahoton shekara na kamfanin, ka san abokan gogayyarsa, ka zo da tambaya ɗaya ko biyu masu ma'ana. In an zo batun albashi, ka tambayi abin da zai shigo hannunka bayan an cire haraji da fansho.

Tsakanin mataki da mataki shiru kan yi tsawo. Bayan mako biyu kana iya tura gajeren imel cikin ladabi ka tambayi inda aka kwana. Kada ka ajiye aikin da kake yi, kada kuma ka daina neman wani, har sai takardar tayin aiki ta zo a rubuce kuma ka tsallake gwajin asibiti. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ko kuɗin horo kafin a ɗauke ka, ɗan damfara ne, ko da tambarin babban kamfani a kan wasiƙarsa.