Shin injin kwale-kwale zai iya cika batir?

Matuƙan kwale-kwale a Yawuri da Baga yanzu ba injin kaɗai suke ɗauka ba. Akwai fitila, akwai wayoyin da ke jiran caji, wasu har da ƙaramin famfon kwashe ruwa, kuma duk batir suke ci. Shi ya sa da yawa ke jona batirin da injin da ke maƙale a bayan jirgin domin ya riƙa caji ana tafiya. Yana yi, amma ba kamar yadda ake zato ba.

Duk bakaniken babur a Gyallesu da ya taɓa buɗe maganeton Bajaj ko Jincheng ya riga ya san yadda abin yake, domin tsarin ɗaya ne. A saman injin akwai faifan ƙarfe mai nauyi, wanda igiyar tayarwa ke juyawa. A jikinsa akwai maganadisu, a ƙarƙashinsa kuma koyil. Idan faifan ya juya sai koyil ɗin ya haifar da wutar AC, wadda batir ba ya karɓa. Sai ta bi ta raktifaya ta koma DC. Ƙananan injuna da yawa da ake tayarwa da igiya ba sa zuwa da raktifaya, sai an saya an ɗaura.

Matsalar tana wurin yawan wutar. Inji irin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40 yana bayar da kimanin amfiya 6 ne, shi ma sai an buɗe masa wuta sosai. Idan yana tafiya a hankali, abin da ke fita bai taka kara ya karya ba. Batir mai 100Ah da aka sha rabinsa yana buƙatar a mayar masa da aƙalla 50Ah, wato fiye da awa 8 ana gudu ba tsayawa. Irin wannan inji kuwa yana shan kusan lita 20 na fetur a awa idan an ƙure shi. Wanda ya kunna inji don cajin batir kawai, kuɗinsa yake ƙonawa. Farantin sola mai wat 100 zai ba da kusan wannan wutar da tsakar rana ba tare da ɗigon mai ba. Aikin injin shi ne ya riƙe batirin da aka fito da shi a cike. Wanda ya mutu sai a kai shi caja a gari.

Sai kuma batun regileta, inda batura da yawa ke lalacewa. Raktifaya zalla tana gyara wutar ne kawai, ba ta tsayar da ita. Da zarar batir ya cika, ƙarfin wutar na iya haura bolt 16, ruwan batirin ya riƙa tafasa yana ƙafewa, yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. A jirgin da ke ɗauke da jarkokin fetur, wannan ba abin wasa ba ne. Raktifayar da ke haɗe da regileta tana tsayar da wutar a kusan bolt 14.4, kuma ƙarin kuɗinta bai kai na sabon batir ba.

Ana iya gane halin da ake ciki da ƙaramar mita. Batir cikakke da ya huta yana nuna 12.6, idan ya nuna 12.2, rabi ya tafi. Inji na gudu, a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Idan lambar ba ta motsa ba, babu caji. Idan ta wuce 15, a duba regileta.

Abu biyu ne ke ƙona raktifaya nan take: cire kan batir inji na aiki, da juya wayoyi, wato a sa ja a wurin baƙa. A kuma sa fiyus a jar waya kusa da batirin. Batirin litiyom, irin wanda ake sa wa sola a gidaje, kada a jona shi kai tsaye. Idan ya cika, na'urar da ke cikinsa tana katse wutar ba zato, wanda daidai yake da cire kan batir inji na gudu. Shi sai da cajar DC zuwa DC a tsakaninsa da injin.