Yawon jeji a gaɓar tekun Ingila lokacin da baƙin Sahel ke isowa

A gabashin Ingila, a yankin Safok, akwai wani gandun tsuntsaye a bakin teku da ake kira Minsmiya. Faɗinsa ya kai kimanin hekta dubu, kuma a ciki akwai kurmi, da fadama mai dogayen ciyayin ruwa, da fako, da rairayin gaɓa. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ce ke kula da shi tun 1947. Da watan Maris ya kama, sanyin hunturu ya fara sassautawa, sai ka ga mutane rukuni-rukuni, sanye da takalman taɓo da rigunan ruwa, madubin hangen nesa rataye a wuya, suna bin bayan ɗan jagora tun rana ba ta gama fitowa ba. Da yawa daga cikin jagororin 'yan sa kai ne, waɗanda suka san wurin ciki da bai.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne abin neman jagora a hanyar da aka share, aka kafa mata alamu? Ai a wannan lokaci kurmin ma tsirara yake, ko ganye babu. Amsar ita ce yawancin abin da ke faruwa a farkon kakar nan ba ya bayyana ga wanda bai san inda zai duba ba. Baƙo zai wuce gindin wata ƙaya bai ga komai ba, jagora kuwa zai ɗaga hannu, kowa ya tsaya cak, ya nuna maciji naɗe yana shan hantsi. Shi kaɗai ne maciji mai dafi a Birtaniya, dangin kububuwa ne, kuma mazan ne ke riga matan fitowa daga ramukan da suka kwana hunturu.

Kunne ma ya fi ido aiki. A cikin fadamar akwai wani tsuntsu dangin zalɓe da suke kira bitan, mai launin busasshiyar ciyawa, wanda da wuya a gan shi. Namijin yana kuka da murya mai zurfi kamar an busa bakin kwalba, ana jiyo ta daga nisan kilomita da yawa. Da wannan kukan ake ƙidaya su, tunda kowane namiji da irin nasa. A 1997 maza 11 kacal aka ji a duk faɗin Birtaniya, saboda fadamun sun tsufa sun bushe, kifin da suke ci ya yi ƙaranci. Aka shiga haƙa, ana yanke ciyawa, ana daidaita ruwa, yanzu adadin ya haura 200. Haka labarin shirwar fadama yake: a 1971 an wayi gari gida ɗaya tak ya rage a ƙasar, kuma a Minsmiya yake. Abin mamaki, yaƙi ne ya samar da fadamar. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka sako ruwa ya malale gonakin wurin don kada abokan gaba su samu wajen sauka, tsuntsaye suka ga wuri suka zauna.

A cikin kurmin kuwa tsere ake yi, tseren neman haske. Manyan itatuwa ba sa fitar da ganye sosai sai ƙarshen Afrilu ko Mayu. Kafin nan rana na sauka har ƙasa, don haka ƙananan tsirrai masu kwan saiwa, waɗanda suka adana abinci tun bara, sai su yi wuf su tsiro, su yi fure, su zuba iri cikin 'yan makonni kafin inuwa ta rufe su. Wanda ya fi suna shi ne wani shuɗin fure mai sunkuyar da kai da ke shimfiɗe ƙasan kurmi a watan Afrilu. Kusan rabin irinsa na duniya a Birtaniya yake. Idan aka tattake ganyensa sai ya yi shekaru bai farfaɗo ba, shi ya sa jagora ba ya wasa da maganar tsayawa a kan hanya, kuma ba ya jin nauyin tsawata wa babba idan ya ratse don ɗaukar hoto.

Sauran halittu ma a kan wannan agogon suke. Tsutsotsi na ƙyanƙyashewa daidai lokacin da sabon ganye ke da taushi, tsuntsaye kuma na auna ƙwansu yadda 'ya'yan za su fito lokacin da tsutsa ta yi yawa. Turawan Ingila sun daɗe suna rubuta waɗannan ranaku. Wani mai gonaki a Nofok, Robert Marsham, ya fara tun 1736, zuriyarsa ta ci gaba har 1958. Idan aka gwada tsofaffin littattafan da na yau, ana ganin ganye da fure na rigan lokacinsu na dā saboda ɗumamar yanayi. Tsuntsun da ya kwana hunturu a gida yana iya lura ya gaggauta. Wanda ke Afirka fa? Ba shi da labarin abin da itatuwan Turai ke ciki, yana iya isowa ya tarar an gama rabon.

A nan ne zancen ya shafe mu. Cikin baƙin farko da masu yawon ke ɗokin gani akwai wata ƙaramar tsattsewa mai haƙa rami a gaɓar yashi, wadda ke isowa a Maris, sai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke biyo baya a Afrilu. Kowannensu bai kai giram 20 ba, amma sun ƙetaro Sahara da Bahar Rum, kuma a yankin Sahel suka yi watannin sanyi. Masu bincike da suka yi aiki a bakin Tafkin Chadi sun ga irin wannan mai farin maƙogwaro yana cika ciki da 'ya'yan itacen asuwaki, yana tara kitsen da zai ƙona a hanya. A 1969 masu ƙidaya a Birtaniya suka ga kusan kashi 70 cikin 100 na irinsa ba su dawo ba. Da aka bi diddigi, sai aka gano farin Sahel ne, wanda daga baya ya tsananta ya halaka dabbobi da amfanin gona a ƙasashenmu. Tsuntsayen sun ba da labarin tun kafin duniya ta farga.

A ganina wannan ne amfanin jagora na gaske: ya sa mutumin da ya fito shan iska ya koma gida ya san cewa ɗan tsuntsun da ke kuka a kan ƙaya yana da alaƙa da damina a wata nahiya. Mutumin da ya san haka shi ke biyan kuɗin ƙungiya, shi ke ɗaga murya idan wani aiki ya matso kusa da gandun, kamar yadda aka yi ta taƙaddama kan sabuwar tashar nukiliya ta Sizewell C da ke maƙwabtaka da Minsmiya.

Mu ma muna da namu ɓangaren hanyar. Fadamun Haɗeja da Nguru, da gandun tsuntsaye na Dagona a jihar Yobe, na karɓar dubban baƙi daga Turai kowace shekara, kuma masunta da manoman wurin sun san zuwansu da tafiyarsu. Mai son ganinsu ya je tsakanin Disamba da Fabrairu, ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, domin da zafin Maris ya kankama sun fara kama hanyar arewa.