Yadda Ake Buɗe Kan Tocila Ba Tare da An Ɓata Ta Ba

Manomi mai ban ruwa da dare, da makiyayi, da ungozoma, kowa ya san darajar tocila. Kububuwa da kunama da dare suka fi yawo. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Riƙe haske in za a fita da dare yana cikin hanyoyin kariya. Saboda haka gyaran tocila aikin kiwon lafiya ne.

Tsohuwar tocila mai ƙwan zare tana cin pil da yawa. Ƙwan zamani da ake kira LED, wanda farinsa ya fito a ƙasar Japan a 1996, ya fi haske, kuma bai cika shan wuta ba. Ana iya sa shi a gurbin tsohon ƙwai, in gindinsu ɗaya ne. Amma sai an buɗe kan tocila, kuma a nan ne mutane suke yin ɓarna.

Abubuwa biyar ne a cikin kai: zoben baki, da gilashi, da siririyar roba mai hana ruwa shiga, da kwano mai ƙyalli wanda yake tara haske, sannan ƙwai da mariƙinsa.

Da farko, a cire pil. A shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a wurin da ba rairayi. A riƙe jikin tocila da hannu ɗaya, a murɗa zoben baki zuwa hagu. In ya ƙi, kada a sa wuƙa ko filaya, domin suna lanƙwasa zobe, su fasa gilashi. A yanko robar cikin tayar keke, a naɗe zoben da ita, hannu zai kama da kyau. In gam aka sa masa, a ajiye kan a rana ya yi ɗumi, gam zai yi laushi. Kada a kai shi kusa da wuta.

Duk abin da aka ciro, a jera shi bi da bi a kan ƙyallen, don a san yadda za a mayar. Kada a taɓa cikin kwanon da yatsa, kada a goge shi. Ƙyallinsa shafe ne marar kauri, da an goga ya kankare, haske ya dushe. In akwai ƙura, a hura ta.

Kafin a sayi sabon ƙwai, a ƙirga pil. Kowane ɗaya ƙarfinsa bolt 1,5 ne. Biyu sun zama 3, uku sun zama 4,5. A duba lambar da ke jikin ƙwan ta dace. Ƙwan da aka ba wutar da ta fi ƙarfinsa ƙonewa yake yi. Shi LED ta hanya ɗaya wuta take bin sa. In bai kama ba, a juya pil a sake gwadawa.

Wajen rufewa, a mayar da roba gurbinta. A ɗora zobe daidai, a murɗa zuwa dama a hankali. In ya cije, a kwance a sake, kada a tilasta.

Tocila mai caji kuwa, a zare ta daga wuta tukuna. Kada a huda batirinta, yana iya kama wuta. In ya kumbura, a kai wa mai gyara.

Tsohon pil guba ne. Kada a jefa shi a lambu ko kusa da rijiya, kada a bar ƴaƴa su yi wasa da shi. In an taɓa farin garin da yake fitarwa, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.