Shuɗin Ƙadangare na Tsibirin Gorgona

Dukanmu mun san ƙadangaren da ke bin katangar gida, mai jan kai. To, a ƙasashen Amurka akwai waɗansu ƙananan ƙadangaru da ake kira anol, irinsu ya kai wajen 400. Yawancinsu kore ne ko ƙasa-ƙasa. Amma akwai ɗaya wanda jikinsa duka shuɗi ne, namiji da mace, sai ka ce an tsoma shi a marina.

Ba a samunsa ko'ina duk duniya sai a Gorgona, wani tsibiri na ƙasar Kolombiya, cikin Tekun Pasifik, kimanin mil 20 daga gaɓa. Tsawon tsibirin bai kai mil 6 ba. Ruwan sama kuwa kusan duk shekara ne, don haka kurmi ya yi duhu. Wani masani Ba'amurke, Thomas Barbour, shi ya fara rubuta bayanin ƙadangaren a 1905.

Can bisa itatuwa yake zaune, yana cin ƙwari. Yatsunsa suna manne wa ganye kamar na tsaka. Namijin yana da wata farar fata ƙarƙashin maƙogwaro. In ya ga mace ko abokin gaba sai ya buɗe ta yana gyaɗa kai, watau ya ce wurin nan da mai shi.

Wajen 1960 gwamnatin Kolombiya ta mai da tsibirin kurkuku. Mutane da yawa kuwa sai an dafa musu abinci kullum, ba makamashi sai itace. Haka aka yi ta saran kurmin fiye da shekara 20. Mu duba mu gani: tsuntsu in an sare itacensa ya tashi ya nemi wani. Wannan fa ina za shi? Teku ce ta kewaye shi. A ganinmu ba wanda ya nufe shi da sharri, ba a dai tuna da shi ba ne.

A 1984 aka rufe kurkukun, aka mai da tsibirin gandun gwamnati, aka hana sara da farauta. Duk da haka da sauran damuwa, gama akwai wani babban ƙadangare a tsibirin, mai iya gudu bisa ruwa, wanda masana ke zargin yana cinsa. Ƙirga shi kuma da wuya, don ba ya cika saukowa ƙasa. Kurmin dai ya sake tohowa, har saiwoyi sun hau bangon tsohon kurkukun.