Ƙuri'ar coci a Amurka, zullumi a Ƙonni

Ci-rani gado ne ga samarin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela. Yawanci Abijan, Legas ko Libiya suke nufa, amma akwai waɗanda ƙafa ta kai Amurka, suka iske 'yan uwa 'yan Nijar a Bronx da Greensboro, wasu na tuƙin tasi, wasu na aikin masana'anta. Daga 1 ga Janairun 2026 wannan ƙofa ta rufe, domin gwamnatin Donald Trump ta saka Nijar, Mali da Burkina Faso cikin ƙasashen da aka hana wa biza. Amaryar da aka ɗaura wa aure a gida, miji na can yana jiranta, sai dai ta ci gaba da zama ɗakin uwarta.

Hujjar da gwamnatin ta bayar ita ce tsaro da masu zarce wa'adin biza. Amma 'yan ci-rani sun san wace iska ke kaɗawa. Binciken cibiyar Pew na 2022 ya nuna kashi 45 cikin ɗari na Amurkawa na son ƙasarsu ta zama "ƙasar Kirista". Fararen fata 'yan cocin bishara, kusan takwas cikin goma Trump suka zaɓa a 2016, 2020 da 2024, alhali baƙaƙen fata masu karanta Littafi ɗaya da su galibi Dimokurat suke yi.

Tasirin wannan ƙuri'a ya iso har maƙwabta. A ƙarshen Oktoban 2025 Trump ya ce ana yi wa Kiristocin Najeriya kisan kiyashi. Ranar Kirsimeti kuma Amurka ta kai hari ta sama a jihar Sakkwato, wadda iyakarta ke bakin Ƙonni, ta ce mayaƙan IS ta auna.

Abin na ɗaure wa mutumin Malbaza kai. Kiristan ƙetaren da ya sani shi ne likitan asibitin Galmi, wanda mishan ɗin SIM ya buɗe a 1950, inda mafi yawan masu jinya Musulmi ne. Ko a Amurkan ma bakin coci bai zo ɗaya ba, don ƙungiyar World Relief ta 'yan bishara ta soki rufe wa 'yan gudun hijira ƙofa tun 2017.

A cikin 'yan ci-ranin da ke Amurka, waɗanda takardunsu ba su kammala ba sun jingine zuwa gida, ko biki ne ko ta'aziyya, gudun kada komawa ta gagara. Masu takardar zama ɗan ƙasa kuwa suna da ta cewa a zaɓen majalisar dokoki na 3 ga Nuwamban 2026.