Tsirkiya biyu sun isa a fara kiɗan jita

A nan Jiratawa da Tibiri da cikin Maraɗi mun san gidajen da jita ke rataye ta sha ƙura. Wani yaya ne ya aiko daga waje, yaro ya gwada danna tsirkiya shida lokaci guda, yatsu suka yi ciwo, shi ke nan ya ajiye. Alhali akwai hanyar da tsirkiya biyu kawai take buƙata, wadda Turawa ke kira pawa kod.

Ga yadda ake yi. Ka ɗora manuniya a kan tsirkiya mafi kauri, a gida na 3 na wuyan jitar, wato sautin sol. Yatsa na uku ya danne tsirkiyar da ke bi mata a gida na 5, wato re. Ka kaɗa su tare. A takarda G5 ake rubutawa. In ka ja hannun gaba da gida biyu, yatsu na nan yadda suke, ka samu A5.

Me ya sa suke daɗi tare? Duk lokacin da ta ƙasa ta girgiza sau 2, ta sama ta yi sau 3, don haka ba sa karo. An kuma cire sautin tsakiya, wanda shi ne ke sa kiɗa ya yi kama da na murna ko na juyayi, sai mawaƙi ya kai muryarsa inda ya so. Amfanin ya fi fitowa in an ƙure ampili har yana gurnani: tsirkiya shida sai su cakuɗe kamar hayaniyar ranar kasuwa, biyun nan kuwa su fita tas. Da irin wannan kiɗa Link Wray ya yi suna a Amurka a 1958.

Mu dai abin bai ba mu mamaki ba. Garaya ma tsirkiya biyu gare ta, kuma tana cika dandali. Mdou Moctar, ɗan ƙasarmu da ke zagaya duniya, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Inda gizo ke saƙa shi ne sauran tsirkiya huɗun. Sai ka kwantar da manuniyar a kansu sama-sama don su yi shiru, in ba haka ba ampili zai tona maka asiri.