Yadda Za Ku Ɗumama 'Yan Tsaki Da Ƙananan Dabbobi Ba Tare Da Gobara Ba

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya sauka, dare yakan yi ɗari ƙwarai, musamman a kan tudun Adamawa, wajen Ngaundere da Meiganga. Ɗan akuyar da aka haifa da asuba yana iya sandarewa kafin rana ta fito. 'Yan tsakin da kuka sayo da kuɗin gyaɗa suna iya ƙarewa a dare ɗaya. Ba wanda zai zauna yana kallon wannan asara, shi ya sa ake kunna fitila ko a hura gawayi.

A wannan lokaci ne kuma ake yawan kawo mana masu ƙuna asibiti, kuma da yawansu yara ne. Hausawa sun ce garin neman gira ake rasa ido. Ɗan akuya yana da kuɗi, amma in ya mutu za a sami wani. Hannun yaron da wuta ta naɗe ba a sayen irinsa a kasuwa. Ana iya ceton dabbar, a kuma tsare gidan. Ga yadda za ku yi.

Wace dabba ce ke bukatar ɗumi?

Ba kowace ba. Ɗan akuya ko ɗan tunkiyar da uwarsa ta lashe shi ya bushe, ya sha nono, yana kwance a jikinta inda iska ba ta bugawa, ba ya bukatar fitila. Haka tsakin da ke ƙarƙashin fiffiken uwarsa. Kafin ku nemi ashana, ku yi abubuwa uku: ku goge jikin dabbar da busasshen tsumma, ku shimfiɗa mata busasshiyar ciyawa mai kauri, ku tare iska da zana ko buhu. Sau da yawa wannan ya isa.

Masu bukatar ƙarin ɗumi su ne 'yan tsakin gidan gona da ba su da uwa, da 'yan zabi, da wanda uwarsa ta mutu ko ta ƙi shi, da ƙaramin cikin tagwaye, da wanda ruwan sama ya jiƙa. Ga masu kiwon alade, 'ya'yansa ma ba sa jure sanyi a makon farko.

Ku sa yatsa a bakin ɗan akuyar. In bakin da ɗumi, kuma ya kama yatsan yana tsotsa, yunwa ce ta fi damunsa. Ku ba shi dakashi, wato nonon farko na uwarsa, tun cikin sa'o'in farko, domin shi ne ke hura masa wuta daga ciki. In bakin ya yi sanyi, kansa yana langaɓewa, kada ku ɗura masa kome. Ba zai iya haɗiyewa ba, nonon zai wuce huhu. Ku fara ɗumama shi, ku aika a kira malamin dabbobi. Mai ma'aunin zafi yana iya gwadawa ta dubura. Zafin jikin lafiyayyen ɗan akuya ko ɗan tunkiya digiri 39 ne zuwa 40. In ya sauka ƙasa da 37, ransa yana cikin haɗari. Wannan ma'auni na dabbobi ne kaɗai, kada a ƙara sa shi a jikin mutum.

Ɗumin da babu wuta a cikinsa

Ga dabba ɗaya ko biyu, wannan ya fi kowace hanya. Ku cika kwalba da ruwa mai ɗumi, ku rufe ta sosai, ku naɗe ta da tsumma, ku jingina ta da cikin dabbar. Ko ku ɗumama dutse ko yashi, ku zuba a buhu, ku naɗe. Ku gwada a bayan hannunku tukuna. Abin da ya fi ƙarfin hannunku ya fi ƙarfin fatar dabbar. In ya huce ku sake wani. Da aiki, amma ba a taɓa jin kwalbar ruwa ta ƙone gida ba.

Idan kuna da wutar lantarki

Akwai ƙwan lantarki na musamman da aka yi don ɗumama dabbobi. Yawanci ja ne, kuma babbansa wat 250 ne. Ƙwan zamani mai farin haske, wanda ake kira LED, ba ya ba da zafin kirki, kada ku dogara da shi. Ku sani kuma ƙwan ɗumi ɗaya yana shan wutar da ƙwayayen LED 25 masu wat 10 suke sha. Ƙaramin batirin sola ba zai riƙe shi har gari ya waye ba.

Wannan ƙwai yana zafin da in ya taɓa ciyawa ko buntun shinkafa zai kama da wuta. Yawancin gobararsa daga faɗuwa take, saboda haka ɗaurin shi ne babban abu.

Ku rataye fitilar da sarƙa ko waya mai ƙarfi a jikin azara. Kada ku rataye ta da igiyar wutarta, kada kuma ku ɗaure ta da leda ko roba, domin zafi zai narkar da su. Ku ƙara ɗauri na biyu a wani ƙusa dabam, don in ɗaya ya tsinke ɗayan ya riƙe.

Mazaunin ƙwan ya zama na tangaran. Na roba yana narkewa. A rufe bakin fitilar da ragar waya.

Ga 'yan tsaki, tsakanin ƙwan da shimfiɗa kada ya gaza kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kusan santimita 50. Ga ɗan akuya ko ɗan tunkiya ku ba da kamu biyu, inda ko ya yi tsalle ba zai kai ba. Ta sama da gefe ma a nisanta ta da jinka da zana da buhuna.

Igiyar wutar ta bi ta sama, inda akuya ba za ta tauna ba. Igiyar da aka yi wa faci da leda, da soket ɗin da aka cika wa kaya, su ne mafarin gobara. In kun taɓa filogi kuka ji zafi, ku kashe.

Ku sa kwanon ruwa nesa da ƙwan. Ɗigon ruwa a kan ƙwai mai zafi yana iya fasa shi. Duk 'yan kwanaki ku kashe shi, ku bari ya huce, ku goge ƙura da gashin kaji da saƙar gizo.

Idan fitilar ƙwai ce ko gawayi

Yawancinmu da waɗannan muke aiki. Fitilar ƙwai a ɗora ta a kan bulo ko cikin kwanon yashi, a kewaye ta da ragar waya da aka kafe a ƙasa. Kada a yi amfani da aci-bal-bal, domin harshen wutarta a buɗe yake. Ku kashe fitila, ku bari ta huce, ku fitar da ita waje, sannan ku zuba mata kananzir. Ku sayi kananzir a inda kuka amince, domin wanda aka gauraya da fetur yana fashewa.

Gawayi kuwa a hura shi a waje har ya zama garwashi, a zuba a tukunyar ƙasa, a rufe da murfin ƙarfe, a ɗora a kan duwatsu. A share ciyawa kamu biyu kewaye da tukunyar, a sa raga.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Garwashi, ko da ba ya hayaƙi, yana fitar da wata iska mai guba. Ba a ganinta, ba ta da wari. A ɗakin da aka rufe ruf tana taruwa, ta shiga jini, ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Wanda ta kama a farke zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, har a ce zazzaɓin sauro ne. Wanda ta kama cikin barci yana iya wucewa bai farka ba. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, suka kuma ji sauƙi da suka fita waje, ku tuhumi gawayin.

Don haka ku bar kafa a buɗe ta sama da ta ƙasa a duk inda garwashi yake. Kuma kada kowa ya kwana a ɗakin, ko da mai gadin kajin ne.

Dabbar za ta gaya muku

A makon farko 'yan tsaki suna son zafin digiri 32 zuwa 35 a daidai inda suke tsaye. Kowane mako a rage kusan digiri 3, ta hanyar ɗaga fitilar sama, har gashinsu ya cika, wajen mako biyar zuwa shida. In ba ku da ma'auni, ku dube su. In sun taru a ƙarƙashin fitila suna ta kuka, sanyi suke ji. In sun watse bakin bango, baki a buɗe, fikafikai a sake, zafi ya yi yawa. In sun cure a gefe guda, iska ce ke shigowa ta wata kafa. In sun bazu suna ci suna sha, wasu na barci, kun daidaita.

Ku sa ɗumin a gefe ɗaya, domin wanda zafi ya isa ya sami wurin matsawa. Dabbar da ba ta iya tashi ba za ta iya gudun zafi ba, tana iya ƙonewa tana kwance. Irin wannan kada a bar ta da fitila babu mai dubawa. A riƙa juya ta, ana taɓa bayanta. Dabbar da jikinta ya riga ya yi zafi da zazzaɓi ba fitila take bukata ba, magani take bukata. Mai zawo kuma ruwa ne ke ƙare mata.

Ɗakin dabba dabam, ɗakin mutum dabam

Mun san dalilin da ake shigo da su ɗaki. Akwai tsoron ɓarawo da muzuru, ga shi kuma an riga an hura wuta a ɗakin mai jego. Duk da haka, kada ku yi. Kashin 'yan tsaki, ko da lafiyarsu ƙalau, yana ɗauke da ƙwayoyin da ke sa yara zawo da zazzaɓi. Dabbar da ta yi ɓari tana iya ɗauke da cutar da makiyaya ke kira bakkale, wadda ke sa wa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da ciwon gaɓoɓi. Mace mai ciki kada ta karɓi haihuwar dabba, kada ta taɓa mabiyiya. Wanda zai taɓa ya sa leda a hannu, ya binne mabiyiyar, ya wanke hannu da sabulu.

In kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, fitila ba za ta cece su ba. Murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a Kamaru a 2006 da kuma 2016. Kada ku yanka su don ci ko sayarwa, kada yara su taɓa su. Ku sanar da malamin dabbobi.

Kada a aiki yaro ya duba fitila ko ya ƙara gawayi. Mai farfaɗiya kada ya yi wannan aiki, domin ciwon yana iya kayar da shi a kan wuta. Haka wanda ciwon sukari ko kuturta ya kashe wa jin zafi a hannu ko ƙafa. Jariri kuwa ba a ɗumama shi da fitila ko kasko. A sa masa hula, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su tare.

In tsautsayi ya auku

Tun kafin ku kunna kome, ku ajiye bokitin yashi da na ruwa a bakin ƙofa. Wutar kananzir da yashi ake kashe ta, ruwa yana watsa ta. In ta lantarki ce, a fara kashe wutar daga mita. A fitar da mutane kafin dabbobi, kuma wanda ya fita kada ya koma.

In wuta ta kama tufafin mutum, kada ya gudu. Ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo.

Wurin da ya ƙone a riƙa zuba masa ruwa mai tsabta, mai sanyi, har minti 20. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Tufar da ta manne kada a ja ta. Kada a shafa ɗanyen ƙwai, ko manja, ko man goge baki, ko baƙin mai, ko toka, ko kashin shanu. Waɗannan suna sa ciwon ya ruɓe, kashin shanu kuma yana kawo tetanus, ciwon da ke datse haƙora. Kada a fasa bororo. A rufe da tsumma mai tsabta.

Ku kawo shi asibiti a ranar in ƙunar ta fi faɗin tafin hannunsa, ko tana fuska, ko hannu, ko gaɓa, ko al'aura, ko fatar ta yi fari ko baƙi. Ƙaramin yaro da tsoho kuwa a kawo su ko ƙunar ba ta da yawa.

Wanda iskar gawayi ta kama a fitar da shi fili nan da nan, a buɗe ƙofa da taga. In ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi a kan gefensa. A kawo shi asibiti ko da ya farfaɗo.

Yaron da ya sha kananzir kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin kananzir ɗin zai shiga huhu. A kawo shi kai tsaye. Kuma kada a ajiye kananzir a kwalbar lemo.

In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kada ku jira sai kun ji labarin maƙwabci. Yau da yamma, tun da sauran haske, ku shiga ɗakin dabbobinku. Ku ja sarƙar fitilar ku ji ƙarfinta, ku auna nisanta da kamu, ku duba kafar iska, ku cika bokitin yashi. Wanda bai iya karatu ba a cikin maƙwabtanku, ku karanta masa wannan. Allah ya tsare ku da iyalinku, ya sa albarka a kiwonku.